Tayoyin da Na Zaɓa wa Motar Ƙanena

Shekara bakwai na yi ina kai mahaifiyata gashin ƙashi kowace Talata, daga gidanmu da ke Alsawra zuwa wani asibiti a cikin Hartum. Bayanta ke ciwo, can ƙasa wajen ƙugu, kuma likita ya ce mana ba warkewa zai yi ba, lallaɓawa za a yi ta yi. A amjad ɗina nake kai ta, 'yar ƙaramar motar hayar nan mai kama da akwati da ta cika titunan Umdurman. Ranar Talata da safe ba na ɗaukar fasinja ko da mutum zai kwanta mini a gaban mota. Ina dawowa daga masallaci zan wanke ta, in kakkaɓe kujerar baya, in ninke bargo biyu in shimfiɗa, in ajiye bulo ɗaya a ƙasa don Inna ta taka ta hau.

Mutane suna yaba mini, wai ɗa nagari. Ina karɓar yabon, amma gaskiyar maganar ita ce don kaina nake yi.

Ni ne ɗanta na fari. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka zauna a nan, abubuwa da yawa na can sun zube a hanya, amma kunyar ɗan fari Inna ta riƙe ta gam. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za a ba ni abinci sai ta ce a kai wa wancan. In na shiga ɗakinta sai ta gyara mayafi ta hau kallon bango, ta amsa gaisuwata a gajarce kamar na zo karɓar haya. Da aka kawo matata gidan, ta yi wata guda tana zaton wani babban laifi na yi wa tsohuwar. Maƙwabtanmu Larabawa kuwa dariya suke yi, su ce wace irin uwa ce ke jin nauyin abin da ta haifa da cikinta.

A cikin amjad ne kawai wannan kunyar ke sassautawa. Tana zaune a baya, ƙeyata kaɗai take gani, ni kuma idona na kan titi. Da mun bar unguwa muka hau kwalta sai bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin mahaifinta da ke ɗinkin hula a Kasuwar Umdurman, da yadda ya taɓa korar wani attajiri daga rumfarsa saboda ya taɓa hula da hannun maiƙo. Ta faɗa mini wanda ya kamata in gaisar da wanda ya kamata in yi hankali da shi a cikin dangi. Ta yi mini faɗa a kan shan shayi da sukari cokali huɗu. Dole ta ɗaga murya, don injin amjad ɗina a ƙarƙashin kujerata yake, kuma ƙofar gefe tana kaɗawa kamar ana buga faranti. In muka tarar da cunkoso a bakin gada, sauran direbobi na ta zage-zage da danna ham, ni kuwa a raina addu'a nake yi layin ya ƙara tsawo. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, shi ne rabona da uwata a mako.

Sai autanmu ya dawo daga Saudiyya.

Shekara goma sha uku ya yi a can yana aiki a wani kamfani, ya dawo da tumbi, da agogo, da mota. Motar ta iso bayansa da 'yan makonni. Baƙa ce, doguwa, mai kujerun fata, in an rufe ƙofarta sai ka ji wani ɗan sauti mai nauyi kamar an rufe firji. Ranar da ya shigo da ita layinmu har masu zaman shayi a bakin titi sun taso. Inna ta fito da sandarta, ta ɗora tafin hannu a kan motar ta yi ta sa albarka. A cikin addu'a ɗaya ta kira sunansa sau huɗu. Na san huɗu ne domin ina tsaye jikin amjad ɗina ina lissafawa.

Ba zan yi masa sharri ba, ƙanena mutumin kirki ne, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Da mai girman kai ne da na samu inda zan kama. Ranar Litinin bayan la'asar ya same ni a tsakar gida ya durƙusa.

"Yaya, gobe ni zan kai Inna mustashfa, asibitin nan nata. Kai ka ta'aba da yawa wallahi, shekara da shekaru. Ka huta, ka yi shugulinka."

Me zan ce? In ce masa a'a, a bar tsohuwa mai ciwon baya a cikin akwatin ƙarfe ga mota mai sanyi a ƙofar gida? Na ce to, Allah ya yi albarka.

Da suka dawo washegari ina jin Inna tana ba matata labari a kicin, da ƙarfi, ba irin muryar da take yi in ina kusa ba. Wai ko motsi ba ta ji ba, kamar a kan katifa aka ɗauke ta aka ajiye ta a asibiti. Na ajiye kofin shayin da ke hannuna na fita waje. Mutum mai shekara hamsin da furfura a gemu, ga 'ya'ya har da mai aure, amma kishi nake yi tsirara, irin na yaron da aka yi wa ƙane. Abin da ya fi cin raina shi ne tunanin hirar. Me take faɗa masa a kan gada? Labarin mai hular nan da nake ganin nawa ne, shi ma an ba shi?

Haka aka yi Talata huɗu. Ina fita haya da safe kamar kowace rana, ina yi wa fasinjoji masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Tayoyin da motar ta zo da su dama sun sha tafiya a can, zafin nan kuma ya ƙarasa su. Gefensu ya fara tsattsagewa, ɗaya ta baya ta yi kumburi kamar ƙwai. Kafin in sayi amjad na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin faci, banshar kamar yadda muke cewa a nan, don haka duk dangi in maganar taya ta taso ni ake nema. Ban da wannan ma, a gidanmu ƙane ba ya yin babbar sayayya sai wansa na tsaye a wurin ya ce ya yi. Haka mahaifinmu ya bar mu, kuma shekarun Saudiyya ba su cire wa ƙanena wannan ba.

"Yaya, kai ne ka san lastik," in ji shi. "Mu je ka zaɓa mini."

Muka haye Hartum, unguwar masu kayan mota. Mai shagon da muka shiga yana hango motar ya gane irin kifin da ya faɗo masa. Bai ma nuna mana tayoyi irin na ƙafarta ba. Kai tsaye ya ja ƙanena wajen wasu manyan ƙarafan taya masu walƙiya, janti muke ce musu, an ɗora musu tayoyi sirara, gefensu bai fi faɗin yatsu uku ba, zanensu manya-manya kamar haƙoran zarto. Ya ce irin waɗannan 'yan Riyad ke sawa, motar za ta zauna daram, duk wanda ya gan ta sai ya waiwayo. Bakin ƙanena har kunne.

Ni kuwa na san abin da nake kallo. Gefen taya shi ne ke fara haɗiye rami kafin maganar ta kai ga sauran ƙarafan mota. In gefen yana da tsawo da laushi, ramin a nan zai mutu. In siriri ne mai tauri, ramin zai hau ƙarfe, ya bi kujera, ya sauka a ƙashin bayan wanda ke zaune. Irin wannan zanen mai manyan haƙora kuma gurnani yake yi a kan kwalta. Na durƙusa na danna farcena a jikin robar, ko shiga bai yi ba. Na juya tayar na karanta lambobin nan huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, na ga ta daɗe a ajiye, kuma daga yadda baƙinta ya koɗe na san a rana aka jibge ta. Can a lungun shagon ina hango waɗanda suka dace, masu kaurin gefe da ƙananan zane, ba wanda ya kula su.

Ƙanena ya juyo. "Yaya, me ka gani? Kwayyis? Suna da kyau?"

Na miƙe na kakkaɓe gwiwata. Na ce, "Motarka ce."

Na san yadda zai ɗauki maganar. A wurinsa in wa bai hana ba, ya yarda ke nan. Aka kwance tsofaffin ƙarafan aka zuba a but, aka ɗaura sababbi. Ina zaune a benci ina shan shayin da mai shago ya aiko, ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, ban ce suna da kyau ba.

Tun kafin mu kai gada motar ta canza hali. Wani gurnani ya taso daga ƙasa, kowane ɗan tsagin kwalta sai ka ji shi a haƙoranka. Da muka sauka daga kwalta muka shiga layukan Alsawra masu ƙasa da duwatsu, sai ta koma tana dukan mu daga ƙasa. Ƙanena ya ce, "Ana jin shari'in, titin nan, sosai yanzu, ko? Haka irinsu suke, sai an saba." Na ce haka ne, ina kallon waje. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na riga na tsara yadda za ta kasance: Talata ɗaya, ko biyu in ta daure, Inna za ta ce wa matata a gaya wa wancan ya fito da motarsa.

Talata ta zo ta wuce, ba ta ce ba. Ta biyu ma haka. Tana saukowa daga motar da murmushi, tana sa masa albarka har ta shige ɗaki. Na fara tunanin ko na manta aikin taya ne.

Bayan ta uku matata ta tare ni ina cin abincin rana. Ta ce Inna fa yanzu a zaune take salla. Ta ce duk ranar da suka dawo daga asibiti ba ta iya cin komai, kwanciya take a kan angare, gadon igiyar nan nata, ta sa a dafa ruwa a gasa mata baya, kuma ta hana a faɗa wa kowa. Sannan ta tsaya tana kallona.

"Kai da ka san taya, me aka yi wa motar nan? Da ba haka take ba."

Na ce ni na ƙera ta? Na ture kwanon na tashi. Ta bi ni da kallo, kuma kallon nata ya fi faɗa ciwo, domin shekara ashirin da shida muna tare, ta san fuskata in na yi abin kunya.

Da la'asar na leƙa ɗakin Inna. Ta idar da salla tana son tashi daga kan darduma, ta kama ƙafar gado da hannu biyu tana jan jikinta a hankali, ta cije leɓe. Tana ganin inuwata ta saki gadon ta hau lalube a ƙasa kamar carbinta take nema, alhali yana wuyanta. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na ce, "Inna, ko Talata mai zuwa in kai ki a amjad?"

Ta ce, "A bar shi ya samu ladan shi ma. Ya yi nisa da mu da daɗewa, yana murna. Kada a karya masa zuciya."

Duk lissafina na yi shi ne a kan cewa za ta yi ƙorafi, na manta wace ce uwata. Za ta yi ta shiga motar nan har bayanta ya ƙarasa lalacewa kafin ta bari autanta ya san kyautarsa na cutar da ita. Ramin da na haƙa wa motar ƙanena, tsohuwa ce ke faɗawa ciki duk mako, shi ko a jikinsa, ni kuma ban samu komai ba.

Ranar Asabar da hantsi na buga masa ƙofa. Na tambaye shi ina tsofaffin janti, ya ce suna ɗakin ajiya. Na ce a fito da su, tayoyin nan ba su dace da motar ba, ba su dace da Inna ba, kuma na san haka tun muna shagon.

Ya kalle ni. "To Yaya, me ya sa ba ka ce ba?"

Na ce, "Ɗauko makulli."

Bai sake tambaya ba, har yau. Na so a ce ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya ne, in samu abin riƙewa.

Wannan karon unguwar Alhilla Kuku na kai mu, wajen maigidana da ya koya mini faci. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya tafi, amma har lokacin tayoyinsa a ɗaki na ciki yake ajiye su inda rana ba ta shiga, a tsaye, yana juya su lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya kwanta. Na shiga ɗakin na yi ta fito da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan na danna farce, wancan na matse gefensa da gwiwa in ji yadda yake dawowa, na shinshina robar, na karanta lambobi, na bi zanen da tafin hannu. Na mayar da takwas. Tsohon yana zaune a kan kujerarsa yana kallona da ido ɗaya.

"Kai, wannan zaɓe haka, amarya za a ɗauko?"

Na ce, "Tsohuwata ce, Baba. Bayanta."

Ya tashi da kansa ya shiga can ƙurya ya ɗage wani buhu, ya mirgino wasu huɗu da bai nuna mini ba da farko. Sababbi ne, robar na da laushi har tana ɗan kama yatsa, zanen ƙanana a jere kusa da juna, gefen mai tsawo. Ni na ɗora su da hannuna a kan tsofaffin ƙarafan. Na sa aka juya kowace a na'ura ana maƙala 'yan guntayen darma har ta daina rawa. Iska kuma da ma'auni na sa ta, daidai abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ban yi irin tamu ta 'yan amjad ba da muke ɗura wa taya iska har ta zama dutse don a ɗauki kaya a rage shan mai. Tunda na fara aikin taya ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba, kuma ina yi ina sane da cewa da hannuna nake rufe wa kaina ƙofa.

Ranar Talata ƙanena ya miƙo mini makulli. "Yaya, kai ka zaɓa, kai za ka sug, ka tuƙa mu. Ka ji da kanka." Na zauna a kujerar direba, shi a gefena, Inna a baya daidai ƙeyata. Zuciyata ta ɗan yi tsalle, na ce ko yau za a yi hira.

Motar ta tashi kamar ba a kunna ta ba. Duwatsun layinmu sai dai ka ji su can nesa, ƙasa-ƙasa. Da muka hau kwalta sai komai ya ɗauke, babu gurnani, babu kaɗawa, har ƙarar agogon hannun ƙanena ina ji. A cikin wannan shirun ne na ji wani abu daga baya. Inna ta ja numfashi ta tsakanin haƙoranta ta riƙe. Muka wuce wani rami, motar ta haɗiye shi, sannan ta saki numfashin a hankali. Can gaba kafin tudun rage gudu na bakin makaranta ta sake. Kafin kwanar kasuwa ta sake. Na duba madubi, idonta a rufe yake, ba titin take kallo ba. Ta haddace shi ne.

Ƙanena ya matso ya rage murya. "Tun ranar farko nake jin ta tana haka. Na ɗauka zikiri ne."

A lokacin mun kusa wani gidan burodi da ke kan hanya. A gabansa akwai wani mugun rami da ya cinye tayoyin mutane da yawa, amma an cike shi an shafe da kwalta tun kafin ƙanena ya dawo ƙasar. Motarsa ba ta taɓa faɗawa cikinsa ba. Muna isa wurin, a kan kwalta sumul, Inna ta ja numfashi ta riƙe, har da kama hannun ƙofa.

A amjad ɗina ta koyi wannan. Shekara bakwai tana zaune a bayana a kan bargo ninki biyu, tana ba ni labari da ƙarfi, tana tsayawa a tsakiyar magana ta cije ta ci gaba, ni ina gaba ina jin daɗin hira, injin yana rufe mini sauran. Ko sau ɗaya ba ta ce in rage gudu ba. Na riƙe sitiyari da kyau saboda idona ya cika, kuma ba na son ƙanena ya gani.

Kafin mu kai tsakiyar gada numfashinta ya daidaita. Barci ya ɗauke ta, kanta ya jingina da kujera, bakinta a ɗan buɗe. Akwai cunkoso a ranar, mun daɗe a kan ruwa. Da muka dawo gida na kashe motar na miƙa wa ƙanena makullinsa, na ce ya riƙa duba iskar da safe kafin taya ta yi zafi, kuma kada ya bari kowa ya ƙara masa ko ɗis.

Kishin bai tafi ba, kada wani ya ɗauka na zama waliyyi. Talatar da ta biyo baya na ƙi fita haya da wuri, na zauna a tsakar gida ina shan shayi, ina jin su suna shiri, tana kiran sunansa tana ce masa ya ɗauko mata sandarta. Na ji an buɗe ƙofar gida, na ji an rufe ƙofar mota. Na ajiye kofin na kasa kunne don in ji tafiyarsu, ko ba komai in san lokacin da suka bar layin. Na jira, na jira, ban ji komai ba. Da na leƙa waje sun riga sun tafi.